FILIN MATA: Maganin Zafin Ɗakin Kwano Yana Bisa Juji

Ina gaishe ku da sanyi, ina gaishe ku da aikin albasa da na shinkafa. Allah ya nuna mana ƙarshen hunturun nan lafiya.

Makon jiya na yi muku alkawari za mu yi zancen yaye. To, ku gafarce ni, zancen yaye sai wani mako. Abin da ya sa na sake shawara wata takarda ce da ta zo mini daga ƙasar Ngaski, daga wani ƙauye na bakin ruwa kusa da Wara. Ga abin da mai takardar ta ce:

"Inna, bayan gaisuwa mai yawa da ladabi. Bara waccan maigidana ya sayar da albasa ya sami kuɗi, ya sauke jinkar ɗakina ya sa mini kwano. Duk gari aka zo ana yi mini barka. Amma da bazara ta shigo sai ɗakin ya zama tanda. Da hantsi ya yi ba ni iya zama ciki, ga shi kuwa ba ni fita. Yanzu ina da ciki, ungozoma ta ce haihuwar za ta zo wajen watan Afrilu. Na yi wa maigida zancen silin ya ce kuɗin ya fi ƙarfinsa. Ina dabara?"

'Yata, na gode da takardarki. Ba ke kaɗai ba ce, daga Shanga har Wara akwai irinki da yawa, sai dai ke ce kika yi ƙarfin hali kika rubuto. Dabara kuwa akwai ta, kuma yawancin kayanta suna nan bisa juji a bayan gidanku. Amma tilas a fara tun yanzu, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

Wa ke wuni cikin ɗaki?

Kafin mu shiga dabara, bari in faɗi abin da ya sa wannan zance ya zama na filin mata. In rana ta take, maigida yana gindin mangwaro, ko yana cikin jirgi bisa ruwa iska na kaɗa shi, ko yana rumfar kasuwa. Wa ya rage cikin ɗaki? Mai jego da jinjirinta, da tsohuwa, da majinyaci. Watau waɗanda zafi ya fi yi wa ɓarna su ne ba su da wurin gudu. Mai sa kwano dabam, mai shan zafin kwano dabam.

Zafin ƙasarmu kuwa ba abin wasa ba ne. A Yelwa cikin Maris da Afrilu ma'aunin zafi yakan kai digiri 40 a inuwa, har ya wuce. Kun tuna azumin 2024, yadda aka sha wuya. A ran 3 ga Afrilu na 2024, a birnin Kayes na ƙasar Mali, zafi ya kai digiri 48.5, mutane da yawa suka rasu a Bamako, galibinsu tsofaffi. Masana sun tabbatar duniya ƙara ɗumi ta ke yi. Saboda haka wadda ke jiran bazara ta yi sauƙi da kanta za ta daɗe tana jira.

Jinjiri ba ya iya cewa yana jin zafi, jikinsa kuma ba ya iya sanyaya kansa kamar na babba. Mai ciki ma zafi mai tsanani yana galabaitar da ita. Gyaran ɗaki, ashe, ba ƙawa ba ce, kiwon lafiya ne.

Me ya sa ɗakin kaka ya fi sanyi?

Duk wadda ta taɓa kwana a ɗakin jinka ko a soron ƙasa ta san bambanci. Dalili kuwa ba boyayye ba ne. Ciyawar jinka kowane tsinke rami gare shi, tsakanin tsinke da tsinke kuma akwai iska a kulle. Iskar da ke zaune wuri ɗaya ba ta miƙa zafi da sauri. Shi ya sa bargo ke hana sanyi, shi ya sa kuma ki ke sauke tukunya da tsumma. Bangon ƙasa mai kauri kuwa a hankali ya ke shan zafin rana, kafin zafin ya ratsa ya kai ciki dare ya yi.

Kwano ba haka ya ke ba. Ƙarfe ne falle ɗaya. Rana na dukansa yana ɗaukar zafi, har ba ki iya dafa shi da hannu, sa'an nan ya sako zafin nan ƙasa bisa kanki kamar yadda garwashi ke gasa fuskar mai tuya. Da hunturu kuma ya juye, dare na yi ya yi sanyi ƙarara, ɗumin ɗaki duk ya tsere ta cikinsa.

Kada ku ce ina kushe kwano. A'a. Kwano ya raba mu da yoyo, ya rage mana gobara, ya hutar da maza neman shuci kowace shekara, shucin ma yanzu wuyar samu gare shi. Laifinmu ɗaya ne, mun karɓi kwano mun bar abokin tafiyarsa. Kwano ba silin rabin rufi ne.

Mu mutanen bakin tafki mun riga kowa sanin wannan. An fara gina madatsar Kainji cikin 1964, aka gama cikin 1968, ruwa ya taru ya cinye tsibirin Foge da tsohuwar Busa da ƙauyuka masu yawa na Gungawa da Kambari da sauransu. Mutum fiye da 40,000 aka tasa, aka gina musu sababbin gidaje na bulon siminti, da yawansu da rufin asbestos. Gidajen sun yi ƙarfi, amma iyayenmu sun yi kukan zafinsu da bazara da sanyinsu da hunturu. Me suka yi? Masu hali suka kwaɓa ƙasa suka tada ɗakunansu na da a gefen sababbin. Ba ƙauyanci ba ne ya sa su, jikinsu ne ya gaya musu gaskiya. Da tsohuwar zuma a ke magani.

Asirin abu 3 ne

Duk dabarun da zan kawo kan abu 3 su ke tsaye, ku riƙe su.

Na fari, a hana rana dukan kwano, ko da inuwa ko da farin launi.

Na biyu, a sa wani abu mai kauri maras nauyi, mai iska a cikinsa, tsakanin kwano da mutane.

Na uku, a bar sarari tsakanin abin nan da kwano, a kuma buɗe wa iska mai zafi hanyar fita.

Wannan na uku shi mutane su ka fi mantawa. A ƙasar Burkina Faso akwai wani gwanin tsara gini, Francis Kéré, ɗan ƙauyen Gando. Cikin 2001 ya gama gina wa ƙauyensu makaranta, mutanen garin maza da mata su ne ma'aikatan. Ya yi silin na tubalin ƙasa, sa'an nan ya ɗaga kwano can sama bisa sandunan ƙarfe, iska na wucewa tsakaninsu ba abin da ya tare ta. Kwano na tare ruwa da rana, ƙasa na tare zafi. Cikin 2022 aka ba shi kyautar Pritzker, wadda ta fi kowace girma a sana'ar tsara gini, shi ne ɗan Afirka na farko da ya same ta. Ku duba fa, abin da duniya ta yaba ƙasa ce da kwano da sarari a tsakani.

Matashin ɓuntu

Yanzu ga kayan aiki. Babbansu ɓuntun shinkafa. Tun da aka buɗe shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi cikin Nuwamba 2015, noman shinkafa ya ƙaru a jihar nan, injinan casa kuma su ka yawaita. Cikin kowane buhu 5 na shanshera, wajen nauyin buhu 1 ɓuntu ne. Ku je bayan kowane injin ku ga tudunsa, wani wuri ma wuta a ke cinna masa ya yi ta hayaƙi kwana da kwanaki yana sa yara tari. Ɓuntu kuwa kowace ƙwaya kamar ɗan jirgi ta ke, da iska a cikinta. Yana da wani irin yashi a jikinsa, shi ke sa ƙaiƙayi, shi ne kuma ke sa ba ya saurin ruɓewa, ba ya saurin kama wuta kamar ciyawa, gara ma ba ta cika sha'awarsa ba.

Ga yadda za a yi.

A nemo ɓuntu busasshe. Ƙananan injina kan haɗa shi da dusa da tsakin shinkafa, saboda haka tilas a sheƙe shi a tankaɗe sarai. Dusar ta kaji ce. In kin bar ta ciki kin kafa wa ɓera da ƙwari kasuwa a bisa kanki. Ɓuntun shinkafar da aka turara ya fi, gama tururi ya kashe ƙwayayen ƙwari. A shanya shi kwana 2 ko 3 a rana mai zafi, a barbaɗa tankaɗaɗɗiyar toka da busasshen ganyen dogon yaro, kamar yadda mu ke yi wa wake in za mu ajiye.

A nemo tsofaffin buhuna, na shinkafa ko na gari ko na sukari. A wanke a shanya. A zuba ɓuntu rabin buhu kaɗai, a ɗinke baki, a kwantar da shi a daddanna ya yi faɗi kamar matashin kai. Kaurinsa ya kai faɗin tafin hannu. In kina so kada ɓuntu ya gangara gefe ɗaya, ki soka ɗinki wuri 3 ko 4 a tsakiya kamar na katifa. Wannan aikinmu ne, da allurar buhu da zare, muna hira muna yi.

Aikin maza shi ne shimfiɗa. A gitta gwangwala ko gora ko sandunan dogon yaro bisa kan bango, daga wannan gefe zuwa wancan, tsakanin sanda da sanda kada ya wuce kamu 1. In ɗakin yana da faɗi a fara gitta azara mai ƙarfi a tsakiya. Bisa sandunan a shimfiɗa asabari ko zana mai sauƙin saƙa, a ɗaure tam. Bisa asabarin a shimfiɗa fafaffen buhu ko kwali don kada ƙura ta riƙa zubowa. Sa'an nan a jera matasan ɓuntu, kowane ya matsi ɗan'uwansa, kada a bar kafa. Tsakanin matasan da kwano a bar sarari aƙalla taƙi 1, in ya fi haka ya fi kyau. A can saman bango, sama da silin, a huda taga ƙarama gabas da yamma ko kudu da arewa, a toshe su da wayar raga. Nan ne iska mai zafi za ta riƙa fita. A bar kuma wata 'yar ƙofa a kusurwar silin inda mutum zai iya leƙa kai ya duba.

Wadda ba ta kusa da injin casa kada ta karaya. Kwali ma yana yi, irin mai rami-rami a ciki da a ke zubo taliya ko sabulu. A fafe shi a haɗa falle 3 ko 4 a ɗinke. Karan dawa da na gero in an jera su a matse an ɗaure, su ma suna yi, gama ɓargon kara soso ne. Ko zana biyu kaɗai aka ɗora ba kome bisansu, za ki ji bambanci ran nan. Da babu gara ba daɗi. Sai dai kwali da kara abincin gara ne, tilas a riƙa dubawa.

Bisan kwano da bangon yamma

Ki gwada wannan gobe. Ki samo gwangwani 2 iri ɗaya, ki shafa wa ɗaya farar ƙasa, ki bar ɗaya da tsatsarsa, ki kife su a rana. Da azahar ki taɓa. Hannunki zai ba ki labari, gani ya kori ji. Fari yana mayar da hasken rana, baƙi da ja da tsatsa kuwa sha su ke yi.

A birnin Ahmadabad na ƙasar Indiya zafi ya kashe mutum fiye da 1,300 cikin watan Mayu na 2010. Hukumar birnin ta yi shiri na musamman cikin 2013, cikin 2017 kuma aka shafe rufin gidajen talakawa wajen 3,000 da fari. Wata ƙungiyar mata mai suna Mahila Housing Trust tana cikin waɗanda su ka yi ta shiga unguwanni suna koya wa mata. Masu awo sun sami ɗaki yakan sauka da digiri 2 har zuwa 5. Kada ku raina wannan. Tsakanin lafiyayyen jiki da mai zazzaɓi digiri 2 ne.

Farin fenti ya fi daɗewa, ga mai hali. Maras hali ya shafa farar ƙasa cikin Fabrairu, ta tsare shi har ruwan fari ya wanke ta, baɗi a sake. Masu tarar ruwan indararo su bar ruwan farko ya zube tukuna. Wata hanya kuma, a shimfiɗa tsohuwar zana bisa kwano da rani a ɗaure ta da kyau saboda iska. Amma a sauke ta kafin damina, gama jiƙaƙƙiyar ciyawa tana sa kwano tsatsa. Kada kuma a yi wannan ga ɗakin da ke kusa da madafa.

Bangon yamma shi ke shan ranar la'asar, in na bulo ne ya riƙe zafin ya yi ta sako shi har tsakar dare. Maganinsa inuwa. A kafa rumfa a jikinsa, ko a tsayar da zana nesa da shi kamu 1. Da damina a shuka duma ko soso su hau rumfar. A dasa itace ɗaya, wanda jinjirin nan zai girma tare da shi. In bangon na ƙasa ne, a cuɗa ɓuntu cikin ƙasar yaɓe, yana rage tsagewa.

Da rana a rufe tagar da rana ke shigowa ta cikinta. Da dare a buɗe duka iska ta ratsa. In kin yi silin kika kulle taga da dare, kin ɗaure zafi a ɗaki da hannunki.

Abubuwan da za a kiyaye

Nan ina so ku kasa kunne sosai, kada garin neman gira a rasa ido.

Wuta. Buhu da kwali da zana duk abincin wuta ne. Ɓuntu ma in ya kama yakan yi ta ci a ɓoye. Kada a yi irin wannan silin a madafa. Kyandir da fitilar kwai da maganin sauro na kunnawa su zauna ƙasa, nesa da bango. In da lantarki ko sola a gidan, a kira wanda ya san aikin ya zura waya cikin bututu a ƙarƙashin silin inda ido ke gani, kada a binne ta cikin ɓuntu. Farin soson nan da a ke tallafe firiji da talabijin da shi cikin kwali yana tare zafi ƙwarai, amma in ya kama wuta narkewa ya ke yi yana ɗiga, hayaƙinsa kuma guba ne. Ban yarda a sa shi bisa kan yara ba.

Buhun guba. Buhun da aka zubo maganin feshi ko irin shuka mai magani, kada ya shiga ɗakin kwana ko an wanke shi.

Asbestos. Wannan ya shafi masu gidajen tashi na 1968, da masu sayen tsohon silin na kwance a kasuwa don araha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ƙurar asbestos tana kawo ciwon daji a huhu, ciwon kuwa ba ya bayyana sai bayan shekaru masu yawa. Muddin yana zaune lafiya ba a taɓa shi ba, haɗarinsa kaɗan ne. Amma kada a yanka shi da zarto, kada a huda, kada a kankare. Gutsattsarinsa kada yara su yi wasa da su, kada a yi murhu da su, kada a gasa kifi a kai. A jiƙa su da ruwa a kwashe a binne. Mai irin wannan rufi ta yi silin ɗinta daga ƙasa, bisa kan bango, ba tare da an taɓa rufin ba.

Ɓera da jemage. Bayan silin ɗaki ne mai duhu, in an bar kafa za su tare. Ɓera kuwa shi ke kawo zazzaɓin Lassa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A liƙe kowace kafa da ƙasa, tagogin sama kuma da wayar raga ta ƙarfe.

Yoyo. A toshe hujin ƙusa kafin a fara. Jiƙaƙƙen ɓuntu ba ya tare zafi, ga nauyi ga fumfuna. Bayan ruwan farko a leƙa, matashin da ya jiƙe a sauke a shanya.

Kasko. Ɗaki mai silin yana riƙe ɗumi da hunturu, abin murna ne. Amma yana riƙe hayaƙi kuma. Gawayi yana fitar da wata iska marar wari marar launi wadda ke kashe mutum cikin barci. Kada a kwana da kaskon wuta a rufaffen ɗaki. Masu wankan jego su lura da wannan ƙwarai.

Riba ta biyu

Akwai wani alheri da ke biyo silin. Sauron da ke kawo zazzaɓi yawanci ta sararin nan na tsakanin bango da rufi ya ke shigowa da dare. A ƙasar Gambiya, wajen garin Farafenni, likitoci sun gwada, aka buga sakamakon cikin 2009. Gidajen da aka yi wa silin na raga, sauron da ke shiga ya ragu kusan rabi, yaran gidajen kuma ba su cika ƙarancin jini kamar na sauran ba. Mu kuwa mun fi kowa bukata. Binciken da aka yi a Nijeriya duka cikin 2021 ya nuna yara ƙanana 49 cikin 100 a jihar Kebbi suna da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a jininsu, babu jihar da ta kai haka. Kun san kuma abin da ke hana mutane shiga gidan sauro, zafi ne. In ɗaki ya yi sanyi uwa da ɗa za su kwana cikin gidan sauronsu ba gardama. Silin ba ya maye gidan sauro, taimakonsa ya ke yi.

Zancen gidan kwalba

Wasu sun tambaye ni labarin gidan kwalabe da su ka ji an gina a Yelwa. Ba Yelwarmu ba ce, Sabon Yelwa ce ta kusa da Kaduna. Cikin 2011 wata ƙungiya mai suna DARE ta gina shi. Ana ɗura yashi cikin gorunan roba na ruwa da na lemo, a jera su kwance kamar tubali, a ɗaure da igiya, a haɗa da ƙasa. Bangon yakan yi kauri, ɗakin kuma ya yi sanyi. Amma ƙaramin gida ɗaya yana cin kwalba wajen 7,800. A birni wannan mai yiwuwa ne. A ƙauyenmu kuwa gorar roba ba shara ba ce, da ita mu ke sayar da kunun aya da zoɓo da man gyaɗa. Sanyin gidan nan kuma daga kaurin yashi da ƙasa ya ke, abin da tubalinmu ya riga ya ba mu. Saboda haka ni dai shawarata, kowa ya yi da sharar da ta fi yawa a garinsu. Tamu ɓuntu ce da buhu da kara.

Yadda za a shawo kan maigida

Saura magana ɗaya, ita ce mai wuyar. Na ga yadda ƙanwata ta yi da nata mijin a ƙasar Shanga, bari in ba ku. Ba ta ce masa kwanonsa ya cuce ta ba, gama namiji ba ya son a kushe abin da ya yi alfahari da shi. Shiru ta yi, ita da kishiyarta da 'yan matan gidan su ka yi ta ɗinkin matasai har su ka tara tuli a zaure. Ran da ya tambaya, sai ta ce, "Malam, kwanon nan da ka sa mana ya fi na kowa a garin nan, so mu ke mu cika masa adonsa. Kaya sun samu, saura sanda da hannun maza." Ya ce, "Na ji, sai an kwana biyu." Ta ce, "To, Malam. Ni dai albasar da ka ke ajiyewa a ɗakin kwano na ke ji, da irin shukan baɗi." Ya yi tsaki ya fita. Ran Jumma'a sai ga shi da gwangwala a ka, da ƙannensa biyu a baya. Kafin la'asar ta Asabar an gama ɗaki ɗaya. Da bazara ta zo, shi da ke wuni gindin itace sai ga shi yana neman dalilin shigowa ƙailula.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku haɗu ku 5 ko 6 a unguwa ku yi gayya, wannan mako ɗakin wannan, mako mai zuwa na waccan. Abin da za a saya kaɗan ne, wayar raga da igiya da ƙusa, kwasar adashi ɗaya ta isa. A fara da ɗakin mai ciki, sa'an nan na tsohuwa.

Ke kuma 'yata ta Ngaski, kina da sauran wata 2 ko 3, sun ishe ki. Amma kada ki hau ko'ina, kada ki ɗauki nauyi, sheƙar ɓuntu ma ki bar wa wasu saboda ƙura. Naki ɗinki ne a zaune. In Allah ya sauke ki lafiya, ki riƙa shan ruwa da kunu da yawa, ki ba jinjiri nono a kai a kai, nono kaɗai ya ishe shi har wata 6 ko da bazara ne. Kada a naɗe shi cikin zannuwa da hular ulu rana tsaka. In kin ga jikinsa ya yi zafi, ko ya ƙi kama nono, ko fitsarinsa ya ragu, ko maɗigarsa ta faɗa, kada a tsaya jiƙe-jiƙe, a kai shi asibiti nan da nan.

In an gama ɗakin ki rubuto mini in ji yadda ya yi. Sauran 'yan'uwa kuma, duk mai wata dabara da ta gada wurin kakarta ta aiko mu buga kowa ya amfana.

Allah ya raba lafiya, ya ba mu bazara mai sauƙi da damina mai albarka. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma zancen yaye.

Taku,
Innar Filin Mata